Tocilar mai sana'a: Tsakanin hasken kwali da hasken gaskiya

A ƙasar Gwandu da Kalgo, rabin aikin wasu masu sana'a sai bayan faɗuwar rana yake farawa. Manomin rani da ke bin layin ban-ruwa a fadamar Gulbin Kebbi yakan jira rana ta yi sanyi kafin ya tayar da inji. Makaniken da ke bakin titin Kalgo zuwa Bunza ba ya zaɓen lokacin da mota za ta mutu. Haka mai wayarin, da ungozoma, da ɗan sintirin unguwa, da mai tsire. Dukkansu sun dogara da wani ɗan kayan aiki da ba a cika lissafa shi cikin jari ba, wato tocila mai caji.

Ba sai an tuna wa mutumin Kebbi dalilin hakan ba. Babban layin lantarki da ya taso daga Kainji ta Birnin Kebbi ya ratsa, daga nan ne ma wutar ke tsallakawa zuwa Yamai, amma wannan kusanci bai sa ƙauyukanmu sun wadatu ba. A watan Satumbar 2023 gobara ta tashi a tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, ta jefa Kebbi da Sakkwato da Zamfara cikin duhu. Watanni kaɗan kafin nan, ranar 29 ga Mayu, an cire tallafin fetur, janareto ya koma abin da ake tayarwa da lissafi. Saboda haka tocila ta tashi daga kayan ko-ta-kwana ta zama abokiyar aiki ta kullum. Abin takaici, har yanzu yawancinmu muna sayenta kamar yadda ake sayen goro: a duba fuska, a taya, a biya.

Mai saye yakan kunna ta a rumfa, ya haska bango ko idon abokinsa, in ta kashe ido ya ce ta yi. Wannan gwaji yaudara ce. Akwai bambanci tsakanin yawan hasken da fitila ke fitarwa gaba ɗaya, wanda ake aunawa da lumen, da kuma tattara shi wuri guda. Tocila mai ƙaramin haske, in an matse shi da gilashi ya zama siririn mashi, za ta kai nesa ta kashe ido, alhali ba za ta haskaka cikin injin mota ba. Domin kwatance, tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 da muka taso da shi yana ba da kusan lumen 800, kuma yana wadatar da ɗaki guda. To, yaya za a yi abin da ke shiga aljihu ya ba da lumen 100,000 kamar yadda ake bugawa a wasu kwalaye?

A nan ne ya kamata ɗalibanmu na kimiyya su taimaki iyayensu, don lissafin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. Mafi yawan tocilolin zamani suna ɗauke da batirin litiyam da ake kira 18650. Sunan ma awo ne: kaurinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65. Mafi ingancin irinsa da manyan kamfanoni ke ƙerawa bai cika wuce mAh 3,500 ba. Duk wanda ka ga an rubuta masa 9,900 a jiki, rubutun ne ya yi ƙiba, cikin bai ƙaru ba. Sau da yawa ma ya fi na gaskiyar rauni. Batiri mai mAh 3,000 a kan bolt 3.7 yana riƙe da ƙarfin da zai ba da wat 11 na awa guda. Ƙwan LED mai kyau yana ba da lumen 100 ko ɗan fiye a kan kowane wat. Ke nan in ana son lumen 1,000 sai an sha kusan wat 10, batirin kuma ya ƙare cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Lumen 100,000 kuwa zai buƙaci abin da ya kusa wat 1,000, wato kwatankwacin abin da dutsen guga ke ci. Wanda ya riƙe wannan lissafi, kwali ba zai sake ruɗarsa ba.

Har hannu ma yana iya shaida. Batirin 18650 na ƙwarai yana da nauyin giram 45 zuwa 48. In ka ɗaga ka ji shi sakayau, ka mayar wa mai shi.

Akwai wata dabara da ko kamfanonin kirki suke fakewa da ita. Ƙa'idar awon tocila da aka fitar a Amurka a 2009, mai suna FL1, ta yarda a ƙirga daɗewar haske har zuwa lokacin da ya ragu zuwa kashi 10 cikin 100 na farkonsa. Don haka "awa 8" a kwali ba ya nufin awa takwas na cikakken haske. Ƙari a kan haka, ƙananan tociloli masu ƙarfi suna rage haskensu da kansu bayan 'yan mintoci saboda zafi. A ganina, tambayar da ta dace mai sana'a ya yi ita ce: wane haske za ta riƙe mini daga isha'i zuwa tsakar dare? Matsakaicin mataki na lumen 200 zuwa 400 da ke tsayawa daram ya fi walƙiyar minti uku amfani.

Kowace sana'a da nata haske. Makanike da mai gyaran waya da ungozoma hannu biyu suke buƙata, don haka fitilar goshi mai baza haske ta fi musu, maimakon cije tocila da haƙora kamar yadda muka saba gani a gareji. Mai gadi da ɗan sintiri su ne masu buƙatar mai dogon zango. Manomin fadama yana buƙatar duka biyun, kuma nasa lamarin ya wuce batun jin daɗi. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, da dare take fitowa, launinta kuma ya saje da ƙasa. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin manyan cututtukan yankuna masu zafi da aka yi watsi da su. Mutumin da tocilarsa ta dusashe a tsakiyar gonar shinkafa ko ta albasa, da sauran tafiya a gabansa, ya san cewa arhar da ya samu a kasuwa ba ta da wani amfani a wannan sa'a.

Launin hasken ma abin dubawa ne, ko da yake ba a cika zancensa ba. Farin haske mai shuɗi-shuɗi ya fi burge mai saye, amma yana dushe launuka. Mai wayarin da zai bambance jar waya da ruwan ƙasa a cikin rufin ɗaki, ko ma'aikaciyar lafiya da za ta duba idon mai jego don ganin alamar ƙarancin jini, farin da ya ɗan karkata zuwa hasken rana ya fi musu aminci. A lokacin hunturu kuma, in hazo ya sauko, haske mai tsananin fari yana dawowa idon mai riƙe da shi.

Sai batun yanayinmu. A Afrilu zafi a Kebbi yakan haura digiri 40, batirin litiyam kuwa ba a so a yi cajinsa in zafinsa ya wuce digiri 45. Al'adar barin tocila tana caji a kan kwanon rufi kusa da farantin sola, ko a gaban gilashin mota, tana rage mata kwana, wani lokaci ma batirin ya kumbura ko ya kama wuta. Manyan tocilolin roba masu arha, waɗanda ake soka wa bango kai tsaye, da yawansu batirin dalma ne a ciki. Irinsa ba ya jure a bar shi ya mutu murus ya kwana biyu, abin da kuwa ba makawa zai faru a garin da wuta ke yin kwanaki ba ta zo ba. Shi ya sa nake fifita wadda ake cajinta da wayar USB, don za ta sha daga ƙaramin sola ko shagon mai cajin waya, sannan a iya buɗe ta a sauya batiri. Masunci da mai ban-ruwa su nemi alamar IPX7, wadda ke nufin za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. IPX4 fantsama kawai take karewa.

Ba dukkan nauyin ne ke kan mai saye ba. Fasahar kanta ba ta da laifi: masu ƙirƙiro shuɗin LED, Akasaki da Amano da Nakamura, sun karɓi kyautar Nobel a 2014, masu batirin litiyam kuma suka karɓi tasu a 2019. Matsalar tana ga abin da ake bari ya shigo. Hukumar SON ce doka ta ɗora wa kula da ingancin kaya, amma batiri mai ƙaryar awo yana tasowa daga tashar jirgin ruwa, ya ratsa manyan kasuwanni, ya iso teburin ɗan tireda a Gwandu ba tare da an tare shi ba. Shi kansa ɗan tiredan bai san abin da ke ciki ba. Yadda aka sayar masa haka ya sayar.

Muna da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo, ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jiha a Aliero, maƙwabciyar Gwandu. Na'urar auna haske da ta auna batiri ba su da tsadar da za ta gagari sashen Fiziks. Ɗaliban shekarar ƙarshe za su iya sayo samfura goma ko ashirin daga kasuwannin Birnin Kebbi da Jega, su auna haskensu a minti na farko da bayan awa ɗaya da bayan awa uku, su buga sakamakon da Hausa, a karanta a rediyo, a kuma miƙa kwafi ga ƙungiyoyin makanikai da na manoman shinkafa kafin noman rani mai zuwa.