Mai Kwamfuta da Jikinsa: Darasi Daga Talata Mafara

Gabatarwa

Kwanakin baya wani dattijo daga Talata Mafara ya kawo mini ƙarar ɗansa, wanda tsohon ɗalibina ne. Yaron ya buɗe ɗan shago inda yake buga wa jama'a takardu, yana gyaran kwamfuta, yana kuma ɗora wa na'urori manhaja. Kukan dattijon shi ne, Allah Ya ba ɗansa sana'a mai kawo kuɗi, amma da la'asar ta yi sai ya rufe shago ya tafi filin ƙwallo, da dare ya kama sauraron tsofaffin kaset, ranar hutu kuma ya ɗauki babur ya nufi Bakura ko bakin madatsar Bakalori. Ya roƙe ni in ja masa kunne ya zauna gaban na'urarsa, tunda a nan abincinsa yake.

Na karɓi aiken, na je Mafara na yi 'yan kwanaki ina lura da yadda saurayin yake tafiyar da yininsa. Abin da na dawo da shi ya sha bamban da abin da aka aike ni. Da yake a yau akwai dubban matasa irinsa a garuruwanmu, na ga ya dace in shimfiɗa wa mai karatu abin da ilimin halittu ya ce game da wannan irin rayuwa, da inda saurayin ya yi daidai, da kuma inda mahaifinsa yake da gaskiya.

Safiya: Na'ura da Ido

Ƙarfe 8 na safe yake buɗe shago. Aikinsa na farko shi ne kakkaɓe ƙura, domin ƙurar hunturu tana toshe 'yar fankar da ke sanyaya cikin kwamfuta, kuma a bazara, lokacin da zafin Mafara kan haura digiri 40, na'urar da fankarta ta toshe takan mutu tsakiyar aiki. Wutarsa daga faifan hasken rana take zuwa. Mafi yawan masu zuwa wurinsa ɗalibai ne, musamman na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke garin, sai kuma masu cike takardun jarrabawa da na neman aiki. A kan wata tsohuwar kwamfuta da aka yar ya ɗora Linux, wato manhajar nan ta kyauta da Linus Torvalds ya fara rubutawa a ƙasar Finlan a 1991, sai ga na'urar da aka fitar da rai da ita ta tashi tana aiki.

Daga safe zuwa azahar da ƙyar yake ɗaga kai daga allon na'ura. To a nan ne jiki yake fara biyan bashi. A cikin ido akwai wani ɗan gilashi mai taushi, wanda wata 'yar tsoka take kewaye da shi. Idan mutum yana duban abu na nesa, tsokar a sake take. Idan kuwa abin yana kusa, dole ta ɗaure domin gilashin ya ƙara kauri. Wanda ya yi awa huɗu yana duban allo, tamkar ya sa wannan tsoka ɗaukar tulu ne ba tare da saukewa ba. Haka kuma, mutum kan ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti guda, kuma kowace ƙiftawa tana shafa wa ƙwayar ido ruwan hawaye. A gaban allo ƙiftawar kan ragu da rabi ko fiye. Idan aka haɗa wannan da busasshiyar iskarmu, sai a sami ido mai raɗaɗi da ja, da ciwon kai da yamma. Maganin da likitocin ido suke bayarwa ba ya cin ko kwabo: bayan kowane minti 20, a dubi wani abu mai nisan mita 6 har tsawon daƙiƙa 20.

La'asar: Ƙwallo da Zuciya

Babban abin da ya fi ɓata wa dattijon rai shi ne ƙwallo, amma kuwa a nan ne ɗansa ya fi yin daidai. A 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas-bas masu bene na birnin Landan da kwandastocinsu. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Sai ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi. Wannan bincike na cikin na farko da suka nuna cewa yawan zama kansa cuta ne. Mai kwamfuta kuwa direba ne wanda motarsa ba ta motsi.

Zuciya tsoka ce, kuma kamar kowace tsoka, aiki ne yake ƙarfafa ta. Idan baligi yana hutawa, zuciyarsa tana tura jini kimanin lita 5 a minti guda. Idan ya shiga gudu sosai, adadin kan kai lita 20 ko fiye. Wanda ya saba da haka, zuciyarsa takan koyi tura jini mai yawa a bugu ɗaya, saboda haka bugunta yakan ragu a lokacin hutu. Ban da wannan, tsokar ƙafa mai aiki tana janye sukari daga cikin jini, abin da ke rage haɗarin ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta nemi baligi ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Saurayinmu, da wasansa na awa guda sau huɗu a mako a wani fili mai rairayi a bayan gari, ya cika wannan sharaɗi ba tare da ya san da shi ba.

Sai dai ƙwallo ba ta hana a duba lafiya. Masu shekaru irin nawa ba za su manta da 1996 ba, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, kuma shekarar da Nijeriya ta ci Ajantina 3 da 2 a wasannin Olimfik na Atlanta. Jim kaɗan bayan haka aka gano Nwankwo Kanu, kyaftin ɗin wannan ƙungiya, yana da matsala a wata ƙofar zuciyarsa, har sai da aka yi masa tiyata a Amurka. Saboda haka duk matashin da ke jin ciwon ƙirji ko jiri ko yankewar numfashi a fili, ya tsaya ya ga likita.

Dare: Kotso da Kunne

Abin da dattijon ya ɗauka shiririta ce da kaset, ni na tarar aiki ne babba. Ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ƙasar mawaƙan fada ce. A Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi suna da Maradun, ya rasu a 1991. Daga Faru ta ƙasar Maradun Sa'idu Faru ya fito, mawaƙin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe Talata Mafara kafin daga baya ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Waƙoƙin waɗannan bayin Allah da yawa suna kwance a kaset cikin akwatuna da adakoki. Zaren kaset kuwa ba komai ba ne illa leda da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu. Zafi da laimar damina suna cin sa sannu a hankali, har ranar da za a saka shi a rakoda ya tsinke.

Saurayin yana bin gidajen dattawa yana aron irin waɗannan kaset, yana haɗa rakoda da kwamfuta, yana kwafe su da wata manhajar kyauta mai suna Audacity. Yadda abin yake shi ne, sauti girgizar iska ce. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Kwamfuta ba ta ji, lissafi kawai ta iya. Saboda haka sai ta riƙa auna tsayin girgizar sau 44,100 a kowace daƙiƙa, tana rubuta kowane awo da lambobin 0 da 1. An zaɓi wannan adadi ne domin ya ɗara ninki biyu na iyakar jin ɗan Adam. Ke nan da ma'aunin kunnenmu aka yanka wa na'urar riga. Da zarar amon kotso ya koma lamba, ana iya kwafe shi sau dubu ba tare da ya dushe ba.

Amma a nan na sami laifin saurayin na farko. Da iyafis a kunne yake wannan aiki, kuma yana ƙure ƙara domin ya tsinci muryar 'yan amshi a cikin hayaniyar tsohon zare. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000. Su ne ke mayar da girgiza ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa take fahimta. Ƙara mai yawa tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wanda ya mutu ba ya sake tsirowa, ko da yake tsuntsaye da kifaye suna sabunta nasu. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Alama mai sauƙi ita ce: idan wanda ke tsaye kusa da kai sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ko kuwa ka cire iyafis ka ji kunne yana ƙugi, to ka wuce gona da iri.

Laifi na biyu shi ne barci. A daren da ake wasannin Turai yakan kai ƙarfe 10 ko 11 a gidan kallo, ya dawo ya sake buɗe kwamfuta, ga shi kuma zai tashi sallar asuba. A cikin jikinmu akwai agogo mai zagayen kusan awa 24, wanda haske ke saita shi. Masana uku na Amurka, Hall da Rosbash da Young, sun sami lambar Nobel a 2017 saboda gano yadda wannan agogo yake aiki, kuma da ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace suka yi binciken. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin melatonin mai shirya jiki ga barci. Haske mai ƙarfi a ido da dare yana jinkirta shi. Baligi yana bukatar aƙalla awa 7. A wannan gaɓa dattijo ya fi ɗansa gaskiya.

Ranar Hutu: Bakalori da Bakura

Fitar da yake yi ranar hutu ita ma tana da nata amfanin. Hasken ɗaki bai fi 'yan ɗaruruwa ba a ma'aunin haske, alhali ko a inuwar bishiya da rana ana samun dubbai. A wani bincike da aka buga a 2015, an ƙara wa 'yan firamare na birnin Guangzhou a ƙasar Sin minti 40 na zama a waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara 3 sai aka tarar waɗanda suka kamu da matsalar rashin hangen nesa sun ragu idan an kwatanta da sauran. Wannan darasi ne ga iyayen da suke miƙa wa ƙananan yara waya domin su yi shiru a ɗaka.

Madatsar Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, tana ba gonakin rani na Mafara da Bakura da Maradun ruwa. Saurayin yakan ɗauki hotunan tsuntsaye da gonakin shinkafa da wayarsa, ya adana a kwamfuta tare da kwanan wata da wuri. Wannan shi ne matakin farko na kowane binciken halittu. Sai dai na gargaɗe shi da abokansa game da wanka a magudanan ruwa. Ruwa mai tafiya a hankali matsuguni ne ga wasu ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fata ta shiga jini, daga baya a ga jini a fitsari. Akwai maganinta a asibiti, amma rigakafi ya fi magani.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, wannan fita ta yi ƙaranci. Matsalar tsaro ta sa akwai hanyoyin da ba a bi sai an tambaya, kuma ba a kai wa magariba a waje. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a duk faɗin jihar, intanet ta ɗauke, rabin aikin shagonsa ya tsaya cik. Ya shaida mini cewa a waɗannan makonni filin ƙwallo da kaset ɗin Ɗanƙwairo ne suka riƙe masa hankali.

Kammalawa

Da na koma wurin dattijon, na gaya masa cewa jikin ɗan Adam an gina shi ne domin tafiya da hangen nesa da bin fitowar rana da faɗuwarta, kuma zuwan kwamfuta bai sauya wannan gini ba. Idan ya hana ɗansa ƙwallo da fita, zai sami ƙarin ciniki a bana, amma nan da shekara 20 yana iya samun mai hawan jini da ciwon baya a kujerar shagon. Ɗan kuwa na gindaya masa sharuɗɗa huɗu: ya huta wa idonsa, ya rage ƙarar iyafis, ya rufe na'ura awa guda kafin barci, kuma ya nisanci ruwan magudana.

Dattijon bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ya ƙi ba. Amma da zan yi sallama sai ya shiga ɗaka ya fito da wasu kaset guda uku na Sa'idu Faru da ya daɗe yana ɓoyo, ya ce in ba yaron ya kwafe, da sharaɗin a dawo masa da abinsa. Ina fata masu irin wannan ajiya a gidajensu za su yi koyi da shi tun zaren bai tsinke ba. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.