Shirin Musamman: Alƙalamin da Ya Tsaya wa Manomi

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga manoman Bichi da Dambatta da Minjibir da Dawakin Tofa, inda kunyar gonar wani take iyakar gonar wani, inda jakuna suka saba kai itace birni su komo da mangalar taki. Shirin namu na yau zai duba yadda wasan kwaikwayo ya taɓa zama bakin manomi, a nan Kano da kuma can ƙasar Jamus.

Ku tambayi dattawan ƙauyenku yadda kaka take a zamanin En'e. Gero na shiga rumbu, gyaɗa na kan shanya, sai ga mai unguwa da takardar haraji. Wanda ya kasa biya ya sayar da akuya, ko ya jinginar da gona. In kuwa hakimi ya ratso, talaka ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zube ƙasa ya kwashi gaisuwa.

Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, da idonsa ya ga wannan. Jama'a sun fi saninsa da siyasa da tafsiri, amma tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni, daga baya kuma ya yi waƙoƙin siyasa. Wani wasan nasa ya nuna yadda 'yan kasuwar birni ke damfarar baƙauye. Wani kuma, mai suna Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, ya taɓo nauyin harajin da aka ɗora wa mutanen karkara. Dabararsa ita ce, abin da baki ke tsoron faɗa a gaban fada, a sa shi cikin raha, jama'a su yi dariya, su koma gida suna tunani.

(Gajeren kiɗa)

Fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Malam, an yi wani marubucin waƙoƙi da wasanni a Jamus, Friedrich Schiller, wanda aka haifa a 1759. Likitan soja ne a ƙarƙashin sarkin Württemberg. A 1782 aka nuna wasansa na farko a garin Mannheim, kan wasu 'yan fashi. Da ya je kallo ba da izini ba, sarki ya tsare shi mako biyu, ya kuma hana shi rubuta wasa. Schiller ya sulale da dare ya bar ƙasar sarkin. Ra'ayinsa shi ne, dandalin wasa kotu ce da ke iya gurfanar da azzalumin da ya fi ƙarfin alƙali.

A 1804, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, Schiller ya fito da wasan Wilhelm Tell. A ciki, wani azzalumin hakimi ya kafa sanda a dandalin gari, ya rataya hularsa, ya ce duk mai wucewa sai ya rusuna mata. Wani maharbi ya wuce bai rusuna ba, sai aka tilasta masa ya harbo tuffa daga kan ɗansa. Daga nan manoma da makiyaya suka kori azzalumai. Schiller ya rasu a 1805, amma wasan bai daina tsorata masu mulki ba, har Hitler ya haramta nuna shi a 1941.

Masu sauraro, hular nan da takalmin da kakanninmu ke tuɓewa, ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Malam bai tsaya kan takarda ba. Ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyarsu ta NEPU, ya shiga ƙauyuka yana koya wa talaka cewa "a'a". 'Yan NEPU, wato 'yan Sawaba, sun sha duka da ɗauri, amma mai haƙuri yakan dafa dutse. A 1979 gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano, Malam yana raye ya gani. Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Afrilu, 1983.

Kira gare ku malaman makarantun karkara: ku farfaɗo da wasan kwaikwayo, ku bar yara su nuna tsadar taki da rikicin iyakar gona da dillalan hatsi a gaban iyayensu. Allah ya jiƙan Malam, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)