Tsofaffin Kwabbai da Sulallan Gindin Adaka: Yadda Za Mu Adana Su

A gidaje da yawa na Dayi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, idan tsohuwa ta rasu aka zo rabon kayan ɗakinta, akan tarar da wani ƙulli a gindin adaka, ko gwangwanin madara da tsatsa ta cinye murfinsa. Ana kwancewa sai ga kwabbai masu huda a tsakiya, da taro mai kusurwa goma sha biyu, da sulalla biyu ko uku da suka yi baƙi. Magada ba sa kula su. Yara su ɗiba su yi wasa, ragowar kuma ɗan gwangwan ya aza a sikeli tare da fasasshen kwano. Abin yana yi mini ciwo, domin ƙarafan nan shaidu ne na yadda kakanninmu suka yi noma, suka yi ciniki, suka biya haraji.

Kafin zuwan Turawa, wuri ne kuɗin ƙasar Hausa. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Katsina da Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da riyal ɗaya na azurfa, keso guda kuwa wuri 20,000 ne. Riyal ɗin da ya fi yawo shi ne mai hoton Sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya, wanda tun bayan rasuwarta ko yaushe aka buga shi 1780 ake rubutawa a jikinsa. Kaɗan ne suka tsira, don maƙeran fari sun narkar da yawancinsu sun yi zobba da mundaye.

A 1907 aka fito da anini da kwabo. Aninin farko na alminiyam ne, yana ma cikin kuɗin alminiyam na farko a duniya, amma bai jure yanayinmu ba, sai aka sauya ƙarfen a 1908. Ka duba jikinsa: huda a tsakiya don a zura a igiya, tauraro mai tsini shida, da darajarsa a rubuce da haruffan Larabci, domin su ne mutanen Arewa ke karantawa a lokacin. Anini goma kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam guda. Sulallan da aka fara bugawa a 1913 na azurfa ne, daga 1920 aka koma tagulla.

Auduga ce ta kwararo da wannan tsaba cikin ƙasar Funtua da Malumfashi. Kamfanin auduga na BCGA ya kafa injinan gurza, jirgin ƙasa ya iso Funtua a ƙarshen shekarun 1920, gwamnati kuma ta ce da tsaba za a biya haraji. Manomi ya kai auduga fuloti, ya dawo da sulalla a lalita. Da Babban Bankin Najeriya ya fitar da kuɗin ƙasa a 1959, reshen auduga aka zana a bayan taro, gyaɗa a bayan dala. Da naira ta zo ranar 1 ga Janairu 1973, auduga ta sake bayyana a kan rabin kwabo. Ɗan Dayi da ya riƙe taron 1959, gumin kakansa ya riƙe.

To, yaya ake adana su? Manomi ya riga ya san rabin amsar, don abin da iri ke so a rumbu shi ƙarfe ke so: bushewa, da nisantar ƙasa. Laimar damina ce babbar abokiyar gaba. Ita ke fito da tsanwar nan mai kama da gari a jikin kwabon jan ƙarfe, wadda ke ci har ta rarake rubutun. Kwabon da ya kamu a ware shi daga sauran. Kada kuma a ajiye su a ɗakin da ake jibge takin zamani da maganin feshi, kamar yadda aka saba a gidajen manoma, domin gishirin taki yana jawo laima, yana cin ƙarfe.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne wanki. Mutum ya ga sule ya yi duhu, sai ya samo lemun tsami da toka, ko yashi, ya dirje shi har ya yi ƙyalli. Ya kashe shi ke nan. Duhun nan da shekaru suka shimfiɗa kariya ne, masana kuɗi ma shi suke so su gani, kuma duk dirzar da aka yi tana tafiya da wani abu na zanen wanda ba zai dawo ba. In ƙasa ce ta manne, a jiƙa a ruwa mai tsabta, a ɗora a kan ƙyallen auduga ya bushe sarai. A riƙa kamawa ta gefe, don gumin yatsa yana barin tabo.

Masu tara kuɗi a ƙasashen waje suna da hanyoyi biyu da suka fi yawa. Akwai kundin kwali mai gurabe, kowane gurbi da shekararsa, a danna kwabo a ciki. Yana da araha, yana nuna maka shekarar da ba ka samu ba tukuna, sai dai fuska ɗaya kawai kake gani, ita ma a buɗe take ga ƙurar hunturu. Akwai kuma ɗan kwali mai faɗin inci biyu, mai taga ta leda garai-garai, a naɗe kwabo a ciki, a jera guda ashirin a shafin albam. Na fi son wannan, domin ana ganin gaba da baya, ga wurin rubutu. Amma a kiyayi leda mai taushi mai warin sabon labulen roba, irin wadda ake kira PVC. Cikin zafin ƙasarmu takan yi gumi, ta bar wani kore mai danƙo a jikin ƙarfe. Wanda bai samu ko ɗaya ba, ya yi ƙananan ambulan da farar takarda mai kyau, kowane kwabo da tasa don kada su gogi juna, kada ya ɗaure da roba, ya zuba cikin mazubi mai murfi tare da ƙullin ƙwayoyin nan masu tsotse laima da ke zuwa a kwalin sabon takalmi.

Sai rubutu, wanda a ganina ya fi albam ɗin kansa muhimmanci. A rubuta shekara, da sunan da mutanen gari ke kiran kuɗin, da wurin wanda aka gada, da abin da ya ce ana saye da shi a zamaninsa. A duba ƙaramin harafin da ke jiki: H ko KN alamar masana'antu biyu ne na birnin Bamingam. Mai sa'a zai iya cin karo da kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila kafin ya cika shekara. Afirka ta Yamma na cikin wurare kaɗan da kuɗi mai sunansa ya shiga kasuwa.

Kada dai kowa ya sa ran arziki. Miliyoyi aka buga na yawancinsu, kuma duk wanda ya zo maka da labarin wai akwai wani sinadari mai tsada a cikin tsohon kwabo, aljihunka yake nema.

Babban Banki yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja, amma yara nawa ne daga Dayi za su je can? Malaman tarihi na makarantun Malumfashi da Funtua za su iya haɗa kundi guda daga abin da ɗalibai za su roƙo a gida, daga wuri har zuwa naira biyu ta ƙarfe ta 2007. Kai kuma mai karatu, in akwai tsoho a gidanku da ya taɓa karɓar kuɗin auduga da sulalla, ka ɗauki biro da takarda ka zauna gabansa tun yana da rai.