Shamuwa: Baƙuwar da Kyakkyawar Tarba Ke Dawo da Ita Kowace Shekara

A ƙauyuka da dama na jihohin Katsina, Jigawa, Sakkwato da Yobe, har zuwa kudancin Jamhuriyar Nijar, manomi ba ya jiran sanarwar hukumar hasashen yanayi kafin ya fara gyaran gona. Da zarar ya hango shamuwa ta sauka a kan kuka ko tsamiyar bakin gari, ya san damina ta ƙarato.

Shamuwa, wadda masana ke kira Ciconia abdimii, ita ce mafi ƙanƙanta a cikin danginta. An sanya mata wannan suna a shekarar 1823 don tunawa da wani gwamnan Turkawa da ya yi mulki a arewacin Sudan. Tana yin ƙwai da ƙyanƙyasa a yankin Sahel lokacin damina, sannan idan kaka ta yi ta nufi kudancin Afirka, ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe, inda a lokacin ne ruwa ke sauka. Tafiya ce ta dubban kilomita, kuma a kowace shekara sai ta yi ta, zuwa da dawowa.

Abin lura shi ne, tsuntsuwar daji ce, amma ba ta gudun mutane. Sau da yawa a tsakiyar gari take gina sheƙa, a bishiyar da ke kusa da gidaje. Masana na danganta wannan da irin kariyar da al'umma ta daɗe tana ba ta: ba a farautarta, ba a ɗibar ƙwanta, kuma dattijo kan tsawata wa yaron da ya ɗaga danƙo zai harbe ta.  Tarbiyya ce da ake gada.

Ita ma ba ta zuwa hannu rabbana. Abincinta fara ce da tsutsotsi da sauran ƙwarin da ke cinye shuka, don haka garken shamuwa da ke kiwo a gona ma'aikata ne da ba a biyan su lada.

Sai dai wannan zumunci yana fuskantar barazana. Manyan bishiyoyin da take sheƙa a kai suna ƙarewa a hannun masu itacen girki da gawayi, kuma maganin ƙwari da ake fesawa ba bisa ƙa'ida ba yana shiga cikinta ta hanyar farar da ta ci. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ba ta sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa ba, amma ba hikima ba ce a jira sai ta kai can.

Taimakon da take buƙata bai fi ƙarfin kowa ba. Ƙwanta kan ɗauki kimanin wata guda kafin ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu kafin su iya tashi. Wanda ya jinkirta sassabe reshen da ke ɗauke da sheƙa har zuwa kaka ya ceci zuriya guda. Idan iska ta kayar da ɗan tsako, a mayar da shi sheƙarsa ko wani reshe mai tsayi da ke kusa, inda kare da kyanwa ba za su kai gare shi ba. Taɓa shi da hannu ba ya sa iyayensa su guje shi, kamar yadda wasu ke zato.