Sharuɗɗan Hawan Ƙungiyar Ƙwallo Daga Ƙaramin Rukuni Zuwa Babba: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Da wuya yanzu a sami gundumar da ba ta da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, waɗansu ma biyu gare su ko uku. Samari ne ke wasan, amma in an zo kan maganar fili, ko takardar shaida, ko gudunmawa, ƙofar Hakimi a kan nufa, Malaminsa kuwa shi ke riƙe da alƙalami. Saboda haka aka ga ya kamata a yi bayanin wani al'amari da ya kan kawo ɓacin rai ƙwarai, watau ƙungiya ta cinye wasanninta, ta zo ta ɗaya, sa'an nan a ce ba za ta hau ba. Nan da nan sai jama'a su ce an sayar da haƙƙinsu. Sau da yawa kuwa ba haka ba ne. Akwai sharuɗɗa rubutattu waɗanda sai an cika su a ke hawa, galibinsu kuma a ofis a ke cika su, tun kafin a gama wasannin shekara.

Yadda tsanin ya ke

Gasar ƙwallo kamar tsani ta ke, rukuni bisa rukuni. A ƙarshen shekara waɗanda suka fi maki su hau, na ƙarshe su sauko su ba su wuri. A Nijeriya akwai manyan matakai uku na ƙasa baki ɗaya: NPFL a bisa, mai ƙungiya 20, sai NNL, sai NLO, ƙarƙashinsu kuma ga wasannin jihohi. Amma misalan da za mu fi kawowa daga Ingila su ke, gama can aka fara gasa irin wannan cikin 1888, can kuma aka fi yin gardama a kan sharuɗɗan hawa, har gaban alƙali.

A Ingila manyan rukunoni huɗu ne, ƙungiya 92 ke cikinsu. Ƙarƙashinsu ga rukuni na biyar, daga nan tsanin ya yi ta sauka har ƙungiyoyin ƙauye. Da can ba a hawa daga na biyar zuwa na huɗu sai da ƙuri'a, masu ƙuri'ar kuwa su ne ƙungiyoyin da ke ciki, don haka sai su riƙa zaɓen 'yan'uwansu. Ƙungiyar Hartlepool sau 14 tana neman a sake zaɓenta, ba a taɓa fid da ita ta wannan hanya ba. Cikin 1987 aka sake tsari, aka ce wadda ta zo ta ɗaya a rukuni na biyar ta hau, amma da sharaɗin filinta da aljihunta sun kai yadda a ke so.

Dalilin tsanantawa a kan fili

Kada a zaci don neman fitina aka sa wannan sharaɗi. Ran 11 ga watan Mayu, 1985, ƙungiyar Bradford City tana murnar karɓar kofin rukuni na uku a filinta, sai wuta ta tashi a rumfar 'yan kallo. Rumfar ta katako ce, tsohuwa, shara ta taru a ƙarƙashinta shekara da shekaru, ƙofofin baya kuma waɗansu a kulle. Cikin 'yan mintoci kaɗan wuta ta game rumfar duka, mutum 56 suka rasu. A nan Afirka ta Yamma ma an ga irin wannan masifa: ran 9 ga watan Mayu, 2001, a filin wasa na Accra, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, mutane suka ruga suka tarar da ƙofofi a rufe, fiye da mutum 120 suka mutu a turmutsitsi. Ƙungiyar da ta hau rukuni na gaba 'yan kallonta ƙaruwa za su yi, baƙi kuma za su zo daga nesa. Filin da ya ishi mutum ɗari biyar na gari, waɗanda suka san juna, ba lalle ne ya ishi dubu biyar ba.

Shekara uku a jere

To, ga abin da ya faru a Ingila. Cikin 1994 ƙungiyar Kidderminster Harriers ta zo ta ɗaya a rukuni na biyar. Babbar rumfarta ta katako ce, ba a kuwa sake ta ba kafin wa'adin da aka yanka, sai aka hana ta hawa. Mutanen garin suka ce ai cikin watan Fabrairu na wannan shekara babbar ƙungiyar West Ham ta zo wasan kofi a wannan fili, kusan mutum 8,000 suka yi kallo lafiya. Suka ce kuma za a gama sabuwar rumfa kafin a fara wasannin gaba, aka kuwa gama ta. Duk bai yi amfani ba, gama wa'adi ya wuce. Northampton Town wadda ta zo ta ƙarshe a rukuni na huɗu ta tsira, alhali ita kanta a lokacin filin da ta ke wasa na tarayya ne da masu wasan kurket.

Cikin 1995 haka ta sami Macclesfield Town. Tata ma ta fi ban mamaki, domin daga 1990 zuwa 1992 ƙungiyar Chester City ta ari wannan fili nata ta yi wasannin babban rukuni a cikinsa, ba wanda ya hana. Cikin 1996 kuma sai ta faɗa kan Stevenage Borough. Ita ba ta haƙura ba, ta kai ƙara babbar kotu, ta kuwa faɗi. Ya kamata Malamai su lura da abin da ya kā da ita. Alƙali ya ga akwai abin dubawa a cikin sharuɗɗan, amma ƙungiyar ta san da su tun kafin a fara wasanni, ta yi shiru, sai da ta ci sa'an nan ta ta da magana, bayan waɗansu ƙungiyoyi sun riga sun kashe kuɗinsu bisa ga waɗannan sharuɗɗa. Watau wanda ke da ƙorafi a kan doka, tun farkon shekara ya kamata ya rubuta shi.

Dukansu uku sun hau daga baya, amma jiran ya bambanta: Macclesfield cikin 1997, Kidderminster cikin 2000, Stevenage kuwa sai 2010, bayan shekara goma sha huɗu. 'Yan wasan da suka ci mata cikin 1996 duk sun watse kafin nan.

Lasin da rassansa biyar

Daga baya aka tattara irin waɗannan sharuɗɗa aka mai da su lasin, kamar yadda direba ba ya hawa hanya sai da nasa. Hukumar ƙwallo ta Turai, UEFA, ta fara aiki da shi cikin 2004, FIFA ta biyo baya, sa'an nan CAF ta Afirka ta ɗora wa hukumomin ƙasashenta, har da NFF ta Nijeriya. Lasin na shekara guda ne, ko wace shekara sai an sake nema. Rassa biyar a ke dubawa: na wasa, watau ƙungiyar yara da duba lafiyar 'yan wasa, na fili da gine-gine, na ma'aikata, watau magatakarda da ma'aji da likita da mai kula da tsaro da mai koyarwa mai takardar shaida, na shari'a, watau rajistar ƙungiya da tsarin mulkinta da takardun yarjejeniya, da na kuɗi. Kwamiti guda ke ba da lasin ko ya hana, wani kwamiti dabam kuma ke sauraron ɗaukaka ƙara. A manyan rukunoni a ke tsananta shi sosai. Ƙaramar ƙungiya ba a nemanta da duka, amma abin da za a auna ta da shi ran hawa sharuɗɗan rukunin da za ta shiga ne, ba na wanda ta ke ciki ba. A nan ne da yawa su kan yi kuskure.

Reshen kuɗi ba ya bukatar dogon bayani. A na so a ga lissafin shekara wanda mai binciken kuɗi ya duba, a kuma tabbata ba a bin ƙungiya bashin albashi. Ƙungiyar Bury, wadda aka kafa tun 1885, ta hau rukuni na uku cikin 2019 alhali 'yan wasanta na bin ta albashi. Cikin watan Agusta na shekarar aka kore ta, ko wasa ɗaya ba ta yi ba a sabon rukunin. Macclesfield ɗin nan da ta sha wahalar gyaran fili, kotu ta rushe ta cikin 2020 saboda bashin da ya wuce fam 500,000.

Maganar da ta fi shafar Hakimi

Fili yana iya zama mai kyau ƙwarai, amma a hana hawa don ba na ƙungiyar ba ne. Cikin 2024 ƙungiyar Gateshead ta zo ta shida a rukuni na biyar, ta cancanci shiga wasannin fid da gwani na neman hawa. Filin da ta ke wasa babba ne, ba abin da ya rasa, amma na majalisar garin ne. Doka ta ce sai ƙungiya ta nuna takardar da ta tabbatar mata da zama a filin har shekara goma. Majalisa ba ta ba da irin wannan takarda kafin wa'adi ba, sai aka cire Gateshead daga wasannin. Ta ɗaukaka ƙara, ba a karɓa ba. Wata guda bayan haka ta ci wani kofi a filin Wembley, abin da ya nuna ba ƙarfin wasa ta rasa ba.

Wannan misali ya yi daidai da halinmu. Ƙungiyoyin gunduma galibi a filin makarantar firamare su ke wasa, ko filin sukuwa, ko wani fegi da wani dattijo ya ce su riƙa yi, duk da baki. Ran da aka sake shugaban makaranta, ko magada suka zo rabon gado, sai magana ta tashi. Hakimai sun sani bisa ga dokar ƙasa ta 1978, filin cikin birni Gwamna ke ba da takardarsa, na karkara kuwa ƙaramar hukuma. Maganar Hakimi shaida ce mai nauyi, amma ba ita ce takardar mallaka ba. Taimakon da zai yi shi ne ya tara mai fili da shugabannin ƙungiya, a rubuta yarjejeniya, a faɗi iyakar filin da yawan shekaru da wanda zai yi katanga da wanda zai gyara ta, sa'an nan a kai wa hukumar da ke da iko ta sa hannu. Alheri ne a ce wa yara "ku je ku yi ta wasa", sai dai masu duba lasin ba su da gurbin rubuta wannan a takardarsu.

Wani abin lura kuma, kafin a kashe kuɗin jama'a a kan gyara, a tambayi abin da rukuni na gaba ke karɓa. Harrogate Town cikin 2020 da Sutton United cikin 2021 sun shimfiɗa ciyawar roba mai tsada, suna samun kuɗin haya da ita. Da suka hau rukuni na huɗu, inda ba a yarda da ita ba, tilas suka ɗaye ta suka shuka ciyawa. A wata ƙasa kuwa ciyawar roba halal ce, a Nijeriya ma a na wasan babban rukuni a kanta. Ko wace gasa da dokarta, a kan kuma sake ta, don haka takardar bana za a nema daga hukumar ƙwallo ta jiha, kada a dogara ga ta bara.

Hawa ta hanyar da ba ta dace ba

Akwai sharaɗi guda wanda ba a gyara shi da siminti. Cikin watan Yuli, 2013, a Bauchi, a na wasannin neman hawa, ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki a maki, ya zama yawan ƙwallaye ne zai raba su. A wasan ƙarshe Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da babu, Police Machine ta ci abokiyar karawarta 67 da babu, alhali da aka tafi hutun rabin lokaci 7 ne da 6. Labarin ya game duniya. NFF ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, 'yan wasa da jami'an da ke ciki kuma ta hana su harkar ƙwallo har abada. Yaran nan kuwa su ne suka fi kowa hasara. In Hakimi ya ji ƙishin-ƙishin a na shirya irin wannan da sunan ɗaukaka garinsa, ya kira shugabannin ƙungiya tun da wuri.

Aikin Malami

Abin da a ke roƙon Malamin Hakimi kaɗan ne. In shugabannin ƙungiya sun zo neman wasiƙa, ya tambaye su ko sun karɓo sharuɗɗan rukunin da su ke so su shiga, in sun kawo ya karanta musu a fili, ya fassara. Ya shawarce su su buɗe littafi uku: na sunayen 'yan wasa da ranar haihuwarsu, na shigar kuɗi da fitarsu tare da rasit, da na abin da aka zartar a taro. Kuɗin ƙungiya ya zauna a banki da sunanta, ba a aljihun shugaba ba. Game da shekarun yara, kada ya sa hannu a kan abin da bai tabbata ba, gama tun 2009 FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, ƙarya kuwa in ta tonu, hatimin ofis ne za a gani a jikin takardar.

Ko wace wasiƙa da za a aika wa hukumar ƙwallo a ajiye kwafinta a fayil, a kuma sa wanda ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a jikin kwafin. Ranar wa'adi a rubuta ta da jan alƙalami a bangon fayil ɗin, a riƙa ƙidaya daga wata uku kafin ta zo, domin takardar fili ta kan daɗe a ofishin ƙaramar hukuma kafin ta fito.