FURE MAI ƘAMSHIN KANUMFARI

Akwai wani fure da masana ke kira diyantus. Danginsa sun kai iri 300. Wanda ya fi suna, asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne. Ganyensa siriri ne kamar na ciyawa. Furensa ja ne, ko fari, ko ruwan hoda.

Ƙamshinsa irin na kanumfari ne. Larabawa ma suna ɗaya suke kiran su biyun, wato ƙaranful. Daga nan Hausa ta samo kalmar kanumfari. Shi ne furen da sojojin Fotugal suka soka a bakin bindigoginsu ran 25 ga Afrilu 1974, ranar da suka kifar da mulkin kama-karya.

Ba kowane iri ke da ƙamshi ba. Manyan da ake nomawa a Kolombiya don sayarwa ƙasashen waje kyan ido gare su, ƙamshinsu kaɗan ne. Mai son ƙamshi sai ya nemi tsohon iri, kamar Shabo na ƙasar Faransa. A jikin takardar iri ana rubuta œillet. Amma a lura: œillet d'Inde wani fure ne daban, warinsa ma daban.

Diyantus ɗan ƙasar sanyi ne. Zafin bazara ya fi ƙarfinsa. A Nijar sai da ɗari, a cikin garka. A shuka iri a ƙarshen Oktoba, a rufe shi da ƙasa kaɗan. Yana tsirowa cikin sati 1 zuwa 3. In ya yi ƙwari a dasa shi, a bar santimetir 25 tsakanin shuka da shuka. In sun yi tsawo, a tsinke kansu don su yi rassa.

Babban abokin gabansa ruwan kwance ne. Mai garka ya saba shayar da salati safe da yamma. In ya yi wa diyantus haka, saiwa ta ruɓe, shuka ta mutu. Sai ƙasa ta sha iska a ƙara ruwa. A zuba a gindi, kada a jiƙa ganye. Jigawa ta fi masa laka. In ƙasar laka ce, a gauraya ta da rairayi, a ɗaga fangali. Taki ruɓaɓɓe, shi ma kaɗan. Ɗan barbaɗin toka yana yi masa amfani.

Yana son rana awa 6 kullum. In zafi ya soma, a yi masa inuwa da zana daga azahar. Furen da ya bushe a cire shi, wani ya fito.