Yadda Ake Haɗa Taliya Da Awara Daga Ragowar Kayan Lambu

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, nama ya zama baƙo a tukwanen gidaje da dama, har da na ma'aikatan da ke jiran albashi duk ƙarshen wata. Idan wata ya yi nisa, sau da yawa abin da ke saura a kicin bai wuce ledar taliya ɗaya ba, da rabin kabeji, da karas biyu da suka fara yaushi. Da waɗannan, haɗe da awarar da ake sayarwa a unguwa, ana iya haɗa abincin dare mai ƙosarwa cikin rabin sa'a.

Asalin awara daga ƙasar Sin ne, kuma a sassan duniya da dama tofu ake kiranta. Da waken suya ake yin ta: a jiƙa shi, a markaɗa, a tace madarar a tafasa, sannan a zuba ruwan tsami har ta dunƙule kamar cuku. Tana ɗauke da furotin mai yawa, wato sinadarin gina jiki da mutane ke nema a nama, shi ya sa ba daidai ba ne a ci gaba da kallon ta a matsayin abin kwaɗayin yara 'yan makaranta kawai.

Nasarar wannan girki tana ga yadda aka sarrafa awarar. Idan ɗanya ce, a naɗe ta a kyalle mai tsafta, a ɗora mata abu mai nauyi na kimanin minti 15 domin ruwan jikinta ya fita. Awarar da ke cike da ruwa ba ta soyuwa da kyau, fantsama mai take yi, kuma ba ta shan ɗanɗano. Daga nan sai a yanka ta ƙanana, a barbaɗa gishiri da ɗan yaji, a jera a cikin man gyaɗa mai zafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar juyawa. A bar gefe ɗaya ya yi ja tukuna, in ba haka ba za ta farfashe ta koma gari. Wanda ya sayi soyayya kuwa ya huta da wannan aiki.

Taliyar a dafa ta a tafasasshen ruwa mai gishiri na minti 8 zuwa 10, a sauke tana da sauran ƙarfi. Kafin a tace, a ɗebi kofi ɗaya na ruwan a ajiye, domin sitacin da ke cikinsa ne zai sa miyar ta kama jikin taliyar.

A ɗan man da ya rage a soya albasa da tafarnuwa, a zuba jajjagen tumatir da tattasai da attaruhu. Kayan lambun ba a zuba su lokaci guda: karas da koren wake ne a gaba saboda taurinsu, kabeji ya biyo baya, alayyafo kuwa sai dab da saukewa. Ga wanda ya bar nama gaba ɗaya, ya kula cewa wasu dunƙulen miya na ɗanɗanon kaza ne. Daddawar kalwa kaɗan tana maye gurbinsu, kuma a ganina ta fi dacewa da awara. Sai a juye taliyar, a ƙara ruwan da aka ajiye kaɗan-kaɗan, a sa awarar a ƙarshe don kada ta yi laushi.

Yaushi ba lalacewa ba ne, karas da ya yi laushi yakan farfaɗo a ruwan sanyi. Amma duk ganyen da ya fara yauƙi ko wari a zubar da shi, haka ma awarar da ta yi santsi ko tsaminta ya yi yawa. Ganin yadda wutar lantarki ba ta da tabbas, gara a dafa daidai cikin mutanen gida, domin awara ba ta jure kwana a waje, musamman a lokacin zafi.